Shuwaka Da Danginta

Tun watan jiya Edita ya ke bi na bashin rubutu a kan ilmin tsire-tsire, ina ta kauce masa, har ran nan ya tare ni a bakin ɗakin karatu, ya ce ko layi goma ne in kawo. To, ga shi na kawo, har da gyara. Abin da zan yi magana a kai shuwaka ce, wadda kowa ya sani a tukunya, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka dubi furenta. Ban faɗi haka don in kushe kowa ba, don ni ma da ban san tana fure ba.

Ga yadda abin ya faru. Shekarar da na fara koyarwa aka ba ni darasin tsire-tsire, littafin da na samu kuwa a wata ƙasa aka buga shi, domin yaran can. A babin da ya yi maganar dangin tsire-tsiren da a ke kira Compositae, misalin da marubucin ya kawo wani ɗan tsiro ne na kurmin Amurka ta Arewa, sunansa na ilmi Solidago caesia. Sunan da mutanen can su ke kiran irinsa ma'anarsa “sandar zinariya”. Na kwana ina haddace shi. Da gari ya waye na zana shi a allo da alli rawaya, na yi ta zuba bayani kamar a bayan ɗakinmu ya tsiro. Da na gama sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, “Malam, a ina za mu gan shi?” Na ce sai Amurka. Ya ce, “To, ba shi da ɗan'uwa a nan ƙasar?” Na dubi littafi, littafi bai ce kome ba. Na ce masa ya zauna, lokaci ya ƙure.

Bayan wata biyu, cikin hunturu, na tafi lambunan bakin kogin Ngadda sayen kayan miya. Ina tsaye sai na ji wani ƙanshi mai daɗi, na waiwaya na ga wata 'yar itaciya a jikin shinge ta yi fari fat da fure, ƙudan zuma sun yanyame ta. Na ce wa tsohon da ke da lambun, “Baba, wannan wace itaciya ce?” Ya ce, “Haba Malam, shuwaka ce ba ka gane ba?” Na ce, “Ashe shuwaka tana fure?” Ya yi dariya, ya ce ai kullum yankanta a ke yi a kai kasuwa, ina za ta sami sukunin fure, wannan ma don shinge ya bar ta. Na tsinki fure ɗaya na ɓare da farce. Abin da na gani ciki shi ne abin da na zana wa yara a allo. Amsar yaron nan ba ta kai mil biyu daga ajinmu ba.

Bari mu fara da jikinta. Shuwaka itaciya ce ƙarama mai yawan rassa, tsawonta ƙafa 6 zuwa 15, in ta sami ruwa sosai ba a kuwa dame ta da yanka ba ta kan wuce haka nesa. Ganyenta ɗai-ɗai ya ke fita, wannan a dama, na gaba da shi a hagun, ba biyu-biyu suna fuskantar juna ba. Tsawon ganyen inci 2 zuwa 6, mai tsini a kai da gindi, bakinsa da 'yan haƙora ƙanana ƙwarai, bayansa kuma ya fi cikinsa haske sabo da wani lallausan gashi. Asalinta 'yar ƙasashen Afirka masu zafi ce, tana son bakin rafi da gefen kurmi. A nan Yerwa ruwan samanmu bai cika wuce inci 25 a shekara ba, wajen wata huɗu kuma ya ke zuba ya ɗauke, sabo da haka ba za ku same ta a tudu cikin ƙaya ba, sai a lambu, ko bayan gida inda ruwan wanke-wanke ya ke kwarara. Ba a cika shuka ta da iri ba, reshe a kan yanka a kafa, ya kama. Yarabawa suna ce mata ewuro, Ibo onugbu, miyar da mutanen Kamaru su ke kira ndole kuwa da ita a ke yi. Mu a nan a kan murje ganyen a wanke a rage ɗacin, a sa a miya ko fate-fate, a kan kuma ba masu jego.

Wannan duka masu dafa abinci sun fi ni sani. Aikinmu yana wajen furen. Ku sami gilashin ƙara girma, da reza, da allura, da farar takarda. Ku tsinki abin nan ɗaya da kowa zai ce fure ne, girmansa bai fi ƙwayar wake ba, ku tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa. Za ku ga ashe furanni ne masu yawa ƙanana, tsaye cunkus a kan wani ɗan dandamali, kamar allurai a jikin tsumma. Ku zaro su da allura ku ƙirga. Za ku sami daga 11 har zuwa 35, gwargwadon wanda kuka tsinka. A waje kuma wasu 'yan koren ɓawo sun rungume su, sahu bisa sahu, kamar ɓawon kifi. Wannan taron gaba ɗaya shi za mu kira kai, watau kan fure, kowane ɗaya na ciki kuwa ɗan fure. Ku riƙe waɗannan kalmomi biyu, don da su za mu yi ta aiki har ƙarshe.

Yanzu ku ɗauki ɗan fure guda ku ɗora a takarda. A can ƙasa akwai 'yar ƙwaya, ita ce za ta zama iri. A bisa kanta gashi ya kewaye kamar geza. Daga tsakiyar gashin wani farin bututu ya taso, bakinsa ya rabu biyar. Cikin bututun akwai mazan furen guda 5, kowanne da jakarsa ta garin fure. A yawancin tsire-tsire mazan nan kowa tsaye ya ke shi kaɗai, amma a nan jakunkunan sun manne gefe da gefe, sun zama wani bututu na biyu a cikin na farko, suna zuba garinsu ta ciki. Sandar macen kuma ta taso daga ƙasa ta biyo ta tsakiyarsu, tana da gashi-gashi a jika, sai ta sharo garin ta fito da shi waje, kamar mai tura tsumma cikin kwalbar fitila. Ƙudan zuma ya zo ya kwashe. Sai bayan wannan kan sandar ya tsage biyu, ya lanƙwashe dama da hagun, sa'an nan ta ke karɓar gari. Watau ɗan furen ya kan fara zama namiji, daga baya ya zama mace, don haka galibi garin wani ɗan furen ne ya ke samunta, ba nata ba. In kun duba kai guda da kyau za ku ga na gefe sun riga sun tsage, na tsakiya ko buɗewa ba su yi ba, don daga waje a ke farawa a yi ciki. Ni dai cikin darussan shekara babu inda na ke ganin aji ya yi tsit kamar wurin nan, in yara suka hangi wannan da idonsu.

In fure ya bushe, kowane ɗan fure ya kan bar ƙwaya ɗaya tak, tsawonta kamar na riɗi amma ta fi shi siranta, da gurji-gurji 10 a jikinta. Gashin nan kuma ya buɗe ya zama mata laima, iskar hunturu ta ɗauke ta. Amfanin wannan tsari a fili ya ke. Ɗan fure guda ƙanƙane ne, ƙwaro ba zai hango shi ba, amma in sun taru sun zama alama. Ƙudan zuma kuma sauka ɗaya zai yi ya taɓa furanni goma ko ashirin.

To, mu koma kan sandar zinariyar da na zana a allo. Ita ba itaciya ba ce, haki ce, tsawonta ƙafa 1 zuwa 3. Tana fita a gabashin Amurka ta Arewa, tun daga kudancin Kanada har Florida da Texas, cikin inuwar kurmin itatuwa masu kaɗe ganye da sanyi. In sanyi ya shigo samanta ya mutu, gindin ya zauna a ƙasa, shekara ta kewayo ya sake tohowa. Karanta santal ne, shuɗi-shuɗi ko shunayya, da wani farin kakin da ya ke gogewa in an shafa da yatsa. Daga nan ta sami sunanta na biyu, don caesia da Latin ma'anarsa shuɗi mai toka-toka. Tana fure daga Agusta zuwa Oktoba, furen rawaya ne, kawunan kuma a hammatar ganye su ke fita, gungu-gungu, bi da bi har ƙarshen kara, ba a ƙoli kaɗai ba kamar na shuwaka. Tana da 'yar'uwa a kurmin nan, Solidago flexicaulis, wadda baƙo zai rikita su, amma ita waccan karanta karkace-karkace ya ke tafiya daga gaɓa zuwa gaɓa, ganyenta kuma ya fi fāɗi.

Wanda ya ajiye ta kusa da shuwaka ba zai ce sun haɗa kome ba: wannan itaciya, waccan haki, wannan farin fure, waccan rawaya, wannan tana son rana, waccan inuwa. Amma a tsaga kan furen. Ga ɓawon kifin nan, ga dandamali, ga 'yan furanni, ga maza 5 manne da juna, ga sanda mai kai biyu, ga ƙwaya ɗaya da gashinta. Bambanci ɗaya ne babba. A kan sandar zinariya 'yan furannin iri biyu ne. Na tsakiya, waɗanda ba su kai 10 ba, masu bututu ne kamar na shuwaka. Na gefe kuwa, galibi 3 ko 4, bututunsu ya tsage ta gefe ɗaya ya shimfiɗe ya zama kamar harshe, kuma mata ne zalla, ba maza a cikinsu. Su ne tutar da ke kiran ƙwari. Shuwaka ba ta da masu harshe ko ɗaya.

Kada wani ya ce sai ya je Amurka zai ga mai harshe. Harantama, hakin nan mai yaɗo da ke bakin hanya da gindin katanga, wanda yara su ke yanko wa zomaye, kanta irin wannan ne sosai: rawaya a tsakiya, 'yan harsuna farare-farare a gefe, kowane harshe da haƙora 3. Da ita ya kamata in yi darasina tun farko. Latas kuma, in mai lambu ya bar shi ya yi tozo ya yi fure, za ku ga 'yan furanninsa duka masu harshe ne, babu mai bututu, karansa kuma yana zub da farin ruwa kamar madara. Kun ga ke nan kai iri uku: mai bututu zalla, mai harshe zalla, da mai haɗa biyun. Duk ukun ana samunsu tsakanin ƙofar kwaleji da bakin kogi.

Kashin yawo ma ɗan dangin nan ne, ko da ya ke ya ɓad da kama. Kawunansa ƙanana ne ƙwarai, a maƙale inda reshe ya rabu biyu, 'ya'yansa kuwa ƙaya suka yi maimakon gashi, mai ƙugiya, da ƙahoni biyu a ka, don shi jelar akuya da ƙafar wando ya ke hawa, ba iska ba. Shi da harantama asalinsu daga ƙasashe masu zafi na Amurka ne, baƙi ne da suka zama 'yan gari. Tazargade da mu ke saye a kasuwa shi ma na cikinsu.

Akwai tarko biyu da ɗalibai su kan faɗa. Na farko ɗaci. Duk shekara sai an sami wanda ya rubuta mini cewa shuwaka da dogon yaro da maɗaci dangi ɗaya ne, don duk suna da ɗaci. Ya ci rabi ya faɗi rabi. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya da maƙwabtanta ne, aka kawo shi Barno a 1928, har ya zama shi ne inuwar titunan Maiduguri, lalle ɗan'uwan maɗaci ne, dangin Meliaceae. Amma ba abin da ya gama su da shuwaka. Ɗaci makami ne da tsire-tsire barkatai suka riƙa don kare kansu daga ƙwari da dabbobi, kowanne da sinadarinsa. Na shuwaka daga wasu sinadarai ne da a ke kira banodalin da banoniyosaid. A 1987, a duwatsun Mahale na Tanzaniya, wani masani, Michael Huffman, da abokin aikinsa Mohamedi Seifu, sun ga wata biranya mara lafiya, irin manyan biran nan da a ke kira cimfanzi, ta ɓare reshen shuwaka tana tsotsar ruwan ɓargonsa, suka buga labarin a 1989. Abin sha'awa ne, amma ba hujja ba ce ta ƙin zuwa asibiti.

Tarko na biyu bagaruwa. Furenta ɗan dunƙule ne rawaya, in an ɓare kuma furanni ne masu yawa, sai mutum ya ce ai ga kai. Amma ku duba: ba ɓawon kifi a gindi, mazan suna da yawa kuma kowa a warwatse, abin da ta ke haifa kuma kwanso ne mai 'ya'ya a jere. Bagaruwa dangin wake ce da gyaɗa. Sabo da haka alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an ga sun taru. Dalilin da ya sa masana suka fi dogara ga fure da 'ya'ya bisa ganye da tsawo shi ne, ganye ya kan sāke da wuri. Shuwakar da ke shan ruwan rijiya da wadda ƙishi ya kama ba za su yi ganye iri ɗaya ba, amma furensu bai bambanta ba.

Yanzu sai tsarin rabo. Masana sun jera tsire-tsire hawa-hawa, ni kuwa a aji na kan kira hawan nan dangi, da zuriya, da gida, da iri. Dangin da mu ke magana sunansa biyu ne, duka kuma an yarda da su: Compositae, watau haɗaɗɗu, sabo da kan nan, da Asteraceae, daga kalmar Girkanci mai ma'anar tauraro. Yana da iri fiye da 30,000, kusan ɗaya cikin goma na dukan tsire-tsire masu fure, ana kuma samunsa ko'ina a duniya in ban da nahiyar ƙanƙara ta can kudu. Cikin dangin, shuwaka tana zuriyar Vernonieae, sandar zinariya tana zuriyar Astereae. Gidan sandar zinariya shi ne Solidago, mai iri fiye da 100, kusan duka a Amurka ta Arewa. Sunan daga kalmar Latin ne mai ma'anar haɗa abin da ya rabu, don mutanen Turai na da suna sa irin nasu a rauni.

Wannan al'ada ta suna biyu, na gida da na iri, Carl Linnaeus ne mutumin Suwidin ya kafa ta cikin littafinsa Species Plantarum na 1753, a ciki kuma ya raɗa wa Solidago caesia suna, ita da 'yar'uwarta mai karkataccen kara. Shi ya sa a ke rubuta harafin L. a bayan sunansu. Bai taɓa taka Amurka ba, busassun tsire-tsire a ke kawo masa. Ya kuwa lura da mannewar mazan nan, har da ita ya ware dangin a tsarinsa. Sunan sandar zinariya bai motsa ba tun daga ran nan. Na shuwaka ne ya sha yawo.

Daga 1819 zuwa 1822 wani Bafaranshe, Frédéric Cailliaud, ya bi kogin Nilu ya shiga ƙasar Sudan, ya komo da tsire-tsire. Aka ba Alire Raffeneau-Delile, malamin tsire-tsire a Montpellier, wanda da ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar a 1798. A 1826 Delile ya siffanta shuwaka, ya sa mata Vernonia amygdalina. Kalma ta biyu ma'anarta mai kama da itacen da Larabawa ke kira lauz. Shekarar nan ta shafe mu ta wata hanya kuma. A 1823 Denham da Clapperton da likita Oudney suka iso Kukawa wurin Shehu Laminu. Oudney ya tara tsire-tsire, ya rasu kusa da Katagum a farkon 1824, Robert Brown kuma ya yi nazarin abin da aka kai Ingila, ya buga a 1826 ɗin nan, a ciki ne ya raɗa wa gidan ɗorawa suna Parkia don tunawa da Mungo Park.

Shi gidan Vernonia, wani Bajamushe Schreber ne ya kafa shi a 1791, da sunan William Vernon, Bature ɗan Ingila da ya tara tsire-tsire a Maryland a 1698. Tsiron da aka kafa gidan a kansa Vernonia noveboracensis ne, mai fure shunayya, ɗan gabashin Amurka, watau ƙasa ɗaya da sandar zinariyarmu. Daga nan duk wanda aka samo a Afirka ko Asiya ko Amurka ta Kudu, mai kai na bututu zalla da doguwar sanda mai gashi, sai a tura shi gidan Vernonia, har mazauna gidan suka kai wajen 1,000, da haki, da itace, da mai yaɗo. Gida ya zama zango.

Tun da wuri wasu ba su yarda ba. Cassini, Bafaranshen da ya ƙare ƙarfinsa a kan dangin nan, ya kafa wani gida Gymnanthemum a 1817, a 1843 kuma aka buga sunan shuwaka a ƙarƙashinsa. Amma manyan littattafai suka bi Vernonia, har da Flora of West Tropical Africa na Hutchinson da Dalziel, wanda ya fara fita a 1927. Dalziel ɗin nan likita ne, ya yi aiki a ƙasar nan, shi ya tara sunayen tsire-tsire na Hausa ya buga a 1916, aikin da har yau mu ke ci daga gare shi. Sai da aka sami kayan aiki masu ƙarfi magana ta sake tashi. Aka dubi siffar garin fure da madubi, aka gwada sinadaran ganye, aka ƙirga 'yan zarurrukan gado da ke cikin ƙwayar halitta, waɗanda a ke kira kuromosom. Sai aka ga na Amurka ta Arewa ƙidayarsu a kan 17 ta ke tafiya, na Afirka da Asiya kuwa galibi a kan 9 ko 10. Binciken DNA da ya biyo baya ya nuna lalle ba tsatso ɗaya ba ne na kusa. A 1999 Harold Robinson, na cibiyar Smithsonian da ke Washington, ya rarraba na Afirka da Asiya gida-gida. Tun da tsiron da aka kafa Vernonia a kansa ɗan Amurka ne, doka ta ce sunan can zai zauna, tare da iri wajen 20 kawai. Shuwaka ta koma Gymnanthemum, domashi ya tafi Baccharoides.

Cikakken sunanta ke nan: Gymnanthemum amygdalinum (Delile) Sch.Bip. ex Walp. Kada tsawonsa ya firgita ku, tarihi ne a dunƙule. Delile yana cikin baka don shi ya fara siffanta ta amma a wani gida. Schultz ne ya ce a mai da ita nan, Walpers ya buga. Wutsiyar kalma ta biyu kuma ta sāke daga -a zuwa -um don Latin tana bin jinsi, yadda mu ke cewa farar saniya amma farin sa.

Ɗalibai su kan yi gunaguni, su ce me ya sa ba za a bar suna wuri ɗaya ba, ga bagaruwa ma da muka haddace Acacia nilotica an mai da ita Vachellia nilotica. Ina jin zafinsu, don ni ma sai da na bi takarduna na gyara. Amma sunan gida da'awa ce, cewa duk na cikinsa kakansu ɗaya na kusa. In bincike ya nuna ba haka ba ne, barin sunan ya zama koya wa yara abin da aka san ba daidai ba. Duk da haka likitoci da malaman gona da yawancin littattafan makaranta Vernonia amygdalina su ke rubutawa, wanda ya rubuta haka kuwa bai yi laifi ba, kowa zai gane abin da ya ke nufi. Shawarata, a jarrabawa ku bi littafin da aka ba ku, amma ku san ɗayan, ku kuma san dalili.

Saura aiki. 'Yan aji biyu da za su fita koyarwar gwaji bayan hutu, ina so kowa ya komo mini da tsiro uku na dangin nan daga garin da aka tura shi, ko Biu ne, ko Bama, ko Monguno. A tsinko da ganye da fure, da 'ya'ya in akwai. A shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da littattafai masu nauyi, a riƙa sāke takardar kullum har ya bushe, in ba haka ba zai yi fumfuna. A rubuta wuri da kwanan wata, da tsawon tsiron, da launin furen da ƙanshinsa, don waɗannan biyu su kan gudu in ya bushe. A tambayi tsofaffi sunansa da Barbarci, da Larabcin Shuwa, da Fulatanci, da Babur ko Margi, a rubuta yadda suka faɗa. A tsaga kai 5 daga kowane tsiro a ƙirga 'yan furannin, a rubuta lambar da aka samu, ba wadda ke cikin littafi ba. Wanda makarantarsa ba ta da gilashin ƙara girma ya zo ofishina kafin ranar Alhamis, ina da guda shida na aro, sai dai a sa hannu a littafi.